Hannaye Ashirin da Shida

Shekara talatin da huɗu ina koyar da kimiyyar sinadarai a makaranta ɗaya a garin Herne, kuma ban taɓa haɗuwa da aji mai nauyin baki irin aji tara na bara ba. Ba su da rashin kunya, ba sa faɗa, ba sa jifan juna da takarda. Da ma haka suke yi da na fi samun sauƙi, don yaro mai fitina ka san ta inda za ka kama shi. Waɗannan kuwa sai su shigo su ashirin da shida, su rataye rigunan sanyi a bayan kujera, su zuba maka ido kamar masu jiran bas. In ka yi tambaya, ƙarar na'urar ɗumama ɗaki kawai za ka ji.

Ni na daɗe da sallama musu. Saura mini shekara biyu in yi ritaya, gwiwata ta ƙi jinin hawa bene, ba ni da sauran ƙarfin roƙon ɗan wani ya buɗe baki. Wanda abin ya dama shi ne Torben Radtke, malami mai koyon aiki da aka ɗora mini in lura da shi. Ba yaro ba ne, shekararsa arba'in da biyar. Ya yi shekara goma sha tara a kamfanin fenti har aka rufe shi, sannan ya ce zai koma koyarwa. Yana da mata da 'ya'ya biyu, da jaka ɗaya ta fata wadda zif ɗinta ya mutu.

Ya taɓa shiga jarrabawar ƙarshe, wadda masu jarrabawa uku ke zama a bayan aji su kalli yadda kake ba da darasi, ya kuwa faɗi. Abin da suka rubuta bai fi layi biyu ba: malami ya san aikinsa, amma shi kaɗai yake magana. An ba shi wata shida ya sake. Ba a ba mutum dama ta uku. In ya sake faɗuwa, shi da aji sai dai ya leƙa ta taga.

Babu abin da bawan Allahn nan bai gwada ba. Ya sa sun jera kujeru zobe, suka zauna kowa yana nazarin takalminsa. Ya raba su huɗu-huɗu, suka yi ta ƙus-ƙus a kan wa ya rabu da wa, da ya matso sai su yi tsit. Ya yanko kati kore da ja, ya ce wanda ya gane ya ɗaga kore, kowa ya ɗaga kore har wanda bai buɗe littafi ba. Daga baya ya zo da ƙwallon soso, ya ce duk wanda ya cafe shi ne zai yi magana. Ranar aka wayi gari babu mai iya cafe ƙwallo a ajin, har da Dustin, wanda shi ke tsaron raga a ƙungiyar unguwarsu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne suna son sa. Suna gaishe shi a hanya, suna riƙe masa ƙofa. Magana ce dai ba za su yi ba, don a wannan ajin wanda ya fara ɗaga hannu shi ne ɗan neman suna, kuma babu mai son a ce shi ne.

A cikinsu akwai Finja Pawlak, wadda ke zama layi na uku kusa da taga. Sauran aƙalla suna da murya a tsakar makaranta. Ita ko a can ban taɓa jin ta ba. Sau ɗaya Torben ya kira sunanta, lokacin kaka. Ta miƙe tsaye, abin da ba a yi a ajinmu, fuskarta ta yi ja, ta yi kusan minti guda a haka, sannan ta fita da gudu zuwa ban-ɗaki. Tun daga ranar bai ƙara kiran ta ba, amma duk aikin da ya duba mata sai ya rubuta a ƙasa: ranar da kika shirya, ina nan. Na ga rubutun da idona, na ce a raina wannan mutumin zai sha wahala a aikin nan.

Saura kwana takwas jarrabawa na same shi a ɗakin malamai, yana tsaye gaban injin kofi da kofin da bai zuba komai a ciki ba.

“Torben, zauna. Tsayuwarka tana gajiyar da ni.”

Ya zauna.

“Yau mutum nawa suka yi magana?”

“Biyu. Ɗaya izinin fita ya nema.”

“To saurara. Ranar jarrabawa, duk tambayar da ka yi kowa zai ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Kai kuma ka kira masu dama. Shi ke nan.”

Ya dube ni kamar na ce ya ɗauko jakar shugaban makaranta.

“Gudrun, wannan ai maguɗi ne.”

“Ka ga Malam Brinkmann can da jarida a fuska? Da haka ya ci. Ni ma da haka na ci, lokacin kai kana ɗan firamare. Rabin ɗakin nan da haka suka ci, kuma babu wanda rufin makaranta ya faɗo masa.”

“Shekara ɗaya da rabi ina fama su yi magana don suna da abin faɗa, ba don a gani ba.”

“Mutanen nan minti arba'in da biyar za su ba ka. Ba su san shekara ɗaya da rabi ba. Ka ci tukuna, in ya so ka yi shekara ashirin kana jifan su da ƙwallo.”

Ya yi ta juya kofin a hannu. Idonsa ya faɗa, gemunsa ya yi kwana uku bai ga aska ba. Na san gajiya ce za ta amsa mini, ba shi ba.

“Ni ba zan iya faɗa musu ba,” ya ce.

“Wa ya ce kai za ka faɗa?”

Ranar Juma'a na shiga ajin ni kaɗai, na rufe ƙofa, na zauna a kan tebur saboda gwiwa. Na gaya musu komai yadda yake, har da cewa wannan ce damarsa ta ƙarshe. A karon farko na ga ajin ya motsa.

“Malama, to in mutum bahago ne fa?” in ji Dustin.

“Bahago ma ya san damansa. Kai dai kada ka damu, na san wanda za ka wuni kana ɗagawa.”

Aka yi dariya. Wata yarinya mai suna Leonie ta ce, “In ya faɗi, wa zai riƙa koya mana?”

“Ni. Kullum, har ƙarshen shekara.”

“Wallahi za mu ɗaga,” in ji Dustin. “Har ƙafa in ana so.”

Muka gwada sau uku. Na tambaye su sunan shugaban makaranta, hannayen dama suka tashi. Na tambaye su abin da aka koya ranar Talata, ajin ya cika da hagu. Finja ma ta ɗaga nata na hagu, ɗan kaɗan, gwiwar hannun tana kan tebur. Na gaya musu darasin a kan gishiri da ƙanƙara ne, wanda ya ga dama ya duba littafi.

Ranar Litinin, ana gobe jarrabawa, na tsayar da Torben a bakin bene.

“Abu ɗaya ya rage. Finja. Kada ka kira ta.”

“In ta ɗaga dama fa?”

“Ko biyun ta ɗaga. Ka manta abin da ya faru da kaka? Tana iya ruɗewa ta ɗaga wanda ba shi ba. Tana iya sanin amsar kuma bakin ya ƙi. Minti ɗaya na shiru a gaban mutanen nan ya isa ya mayar da kai gida.”

“Ba za ta ɗaga ba ma,” ya ce, yana kallon ƙasa.

“To ka ga babu matsala.”

Talata ta zo da dusar ƙanƙara, irin wadda ba ta kai tsakar rana take komawa taɓo. Torben ya sa kwat ɗin da na tabbata ta bikin aurensa ce, don maɓallin tsakiya yana neman agaji. Ya ajiye wa masu jarrabawa kofi da burodi mai cuku a ofis, yadda aka saba. Shugabarsu Malama Overbeck ce, siririyar mace mai tabarau a kan hanci, wadda ba ta murmushi sai an tashi aiki. Suka zauna a baya su uku, ni kuma a gefensu. Da na wuce ta teburin Torben na ga ya rubuta da fensir a gefen takardarsa: dama, ɓangaren taga, don kada ya ruɗe da hannayen yaran in yana fuskantar su.

Ya fara da kofunan gilashi biyu cike da ƙanƙara, ya zuba gishiri da cokali a ɗaya, ya tsoma ma'aunin zafi a kowanne. Ya juyo ya ce, “Me kuke tsammani zai faru?”

Hannaye ashirin da shida suka tashi.

Na san da zancen, ni na shirya shi, amma sai da gabana ya faɗi. Shi kuwa ya tsaya da cokali a hannu, bakinsa a ɗan buɗe. Abin da ya yi shekara ɗaya da rabi yana roƙo ke nan, ga shi an kawo masa har gida, kuma ya san na aro ne. Na yi gyaran murya. Ya farfaɗo, ya kira Leonie, ta ba da amsa daidai.

Daga nan abin ya tafi sumul. Ya yi tambaya, hannaye su tashi, ya zaɓa daga masu dama. Yaran ma abin ya fara yi musu daɗi. Dustin yana miƙa hagunsa har yana tashi daga kujera, yana kaɗa yatsu kamar amsar za ta fasa masa ƙirji. Sai da na harare shi ya rage. Wani yaro ya yi wa Leonie gyara, ta mayar masa, aka ɗan yi musu na gaske a kan ko gishirin ne ke ɗumama ƙanƙarar. Malama Overbeck tana ta rubutu, na kusa da ita yana gyaɗa kai.

A tambaya ta huɗu na lura da Finja. Dama ta ɗaga. Ba ɗan kaɗan ba irin na Juma'a, ta miƙe shi sosai, gwiwar hannun ta bar tebur. Daga inda nake ina ganin bayan wuyanta ya yi ja. Torben ya gani, idonsa ya tsaya a kanta, sannan ya wuce ya kira na bayanta. A ta biyar ta sake ɗaga dama. Ya sake wucewa.

Saura minti shida ya yi tambayar da ya ajiye don rufe darasi.

“To, akwai lokacin da za a watsa gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙara kuma ya ƙi aiki?”

Wannan ba ta cikin littafi. Hannaye suka tashi, na bi su da ido layi-layi. Hagu, hagu, hagu, har Leonie hagu. Dama ɗaya ce tak a ajin, a layi na uku kusa da taga.

Torben ya dubi hannun. Ya daɗe yana duban sa, har na ji Malama Overbeck ta daina rubutu. Sannan ya ɗago ya dube ni ta saman kawunan yara. Ban yi wani abu mai yawa ba. Kaina na ɗan karkata, hagu da dama, yadda in ba kai ake yi wa ba ba za ka gani ba.

Ya yi murmushi irin na malamai.

“Na ga kowa yana da abin faɗa, ga shi lokaci ya ci mu. Wannan ita ce aikin gida. Ranar Alhamis za mu ji.”

Hannaye suka sauka. Nata ne ya sauka a ƙarshe.

Masu jarrabawa sun yi awa ɗaya da rabi a ofis, suka kira shi, suka yi masa tambayoyi, suka sake fito da shi. Da aka buɗe ƙofa a karo na ƙarshe, Malama Overbeck ta miƙa masa hannu. Ya ci, kuma da maki mai kyau. Ta ce ta daɗe ba ta ga ajin da kowa yake ciki haka ba, kuma barin tambayar ƙarshe a buɗe dabara ce mai kyau. Da za ta wuce ta dube ni ta saman tabarau, kallon da ya ɗan wuce na sallama. Ita ma ta taɓa zama mai koyon aiki, ban tambaye ta komai ba.

A ɗakin malamai aka buga tebur da ƙashin yatsu, wanda shi ne tafinmu a nan, aka yanka kek, har Malam Brinkmann ya cire jarida daga fuska. Torben ya fita baranda ya kira matarsa, na hango shi ta gilashi yana share ido da hannun kwat. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce ko ba komai na yi abu ɗaya mai amfani kafin in tafi.

Bayan an tashi muka koma ɗakin gwaje-gwaje mu wanke kofuna. Yana wankewa ina gogewa, a zaune. Sai muka ji motsi a bakin ƙofa. Finja ce, da rigar sanyi har wuya, jaka a baya, takarda a hannu.

“Shigo mana, Finja,” in ji Torben.

Ta shigo taku biyu. Ba ta dube mu ba, famfon take kallo.

“Malam, dama na ɗaga.”

Muryar ƙarama ce, a ɗan dishe, amma kowace kalma ta fita. Torben ya kashe famfo.

“Na gani.”

“Na ɗauka ko kun zaci na ruɗe ne. Na duba sau biyu. Wanda nake rubutu da shi ne.”

Ta ci gaba da sauri, kamar mai tsoron kada maganar ta tsere mata.

“Babana shi ke tuƙa motar watsa gishiri ta hukumar gari. Ranar Asabar na bi shi wurin aikinsu. Ya ce in sanyi ya yi tsanani sosai gishiri ba ya iya komai, ruwan gishirin ma daskarewa yake yi. Sai su watsa tsakuwa ko yashi, don taya ta samu abin kamawa. Ya nuna mini ma'aunin da ke cikin motar. Na faɗa masa sau shida a kicin, yana zama shi ne ku, har ya sa tabaran mamata.”

Ta ɗan yi murmushi a kan tabaran, sannan ya ɓace.

“Amsar ke nan,” in ji Torben. “Daidai take, babu abin ƙari. Finja, ranar Alhamis ke za ki faɗa wa aji. Ke zan fara kira.”

“A'a, ba komai. Na rubuta.” Ta ajiye takardar a gefen teburin, nesa da ruwa. “Ai kun ci, ko?”

“Na ci.”

“To barka, Malam. Sai an jima, Malama.”

Ta fita, ta ja ƙofar a hankali. Na ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe. Torben ya tsaya da hannaye a jiƙe, ruwa yana ɗiga a kan takalmin bikinsa.

“Da ka kira ta, wataƙila da ta daskare,” na ce. “Nan mu biyu ne. Can mutum talatin ne.”

“Wataƙila.”

“Kana da 'ya'ya biyu, Torben.”

“Na sani, Gudrun. Ban ce ke ce ba. Ni na tsaya a gaban allo.”

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Na tafi gida a bas, kaina a jikin gilashi, ina jin wata gajiya wadda ba ta gwiwa ba. Kunya ce, kuma na tsufa da yawa da zan kira ta da wani suna.

Ranar Alhamis ba dole ba ne in shiga ajin, tunda ya zama cikakken malami, amma na shiga na zauna a baya. Yaran suka buga masa tebur, Dustin ya nemi a biya shi ladan ciwon kafaɗa, aka yi dariya. Da aka nutsu, Torben ya tsaya a tsakiya, babu ƙwallo, babu kati.

“Yau babu dama babu hagu. Wanda ya sani kawai. Yaushe gishiri yake ƙin aiki a titi?”

Ajin ya koma yadda na san shi. Wasu suna kallon tebur, wasu suna kallon sa. Bai kira sunan kowa ba, bai ma dubi layi na uku kai tsaye ba, ya dai juya jikinsa ɓangaren taga ya jira. Ya jira har yaran suka fara gyara zama. Ni ma na jira, na kama kaina ina matse gefen kujera.

Finja tana kallon waje, inda taɓon ƙanƙara ke narkewa a bakin titi. Hannayenta biyu suna kan tebur. A hankali ta janye su, ta sa a ƙarƙashi, tsakanin gwiwoyinta.

Torben ya ɗauki alli. Ya zaro takardarta daga aljihun kwat, ya buɗe, ya juya wa ajin baya, ya fara kwafe amsar a allo da kansa.